Sifirin ɗin jak a tsohon Honda CG125: aikin minti ashirin da ya ci wata biyu

Babur ɗin da yadda jak ɗinsa yake aiki

Babur ɗin Honda CG125 ne, ƙirar Japan ta ƙarshen shekarun 1970, na wani dattijo ɗan fansho a cikin birnin Kano. Honda ta fara fitar da CG125 a 1975. Silinda ɗaya gare shi, cc 124, nauyinsa kusan kilo 100, kuma an ƙera shi ne don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma ba kowa ke kai babur sabis a kan lokaci ba. Daga baya masana'antun China suka yi ta kwaikwayon ƙirarsa, kayan gyaransu suka cika kasuwa, suna kama da na asali a ido amma ba koyaushe awonsu ke zuwa ɗaya ba.

Jak ɗin da ake magana shi ne na tsakiya, mai ƙafa biyu, wanda ake ɗora babur a kai tayar baya ta tashi daga ƙasa. A wannan babur abubuwa shida ne suka haɗu suka yi shi: jak ɗin kansa, bututun ƙarfen da yake juyawa a kai, wanda kuma birkin ƙafa yake juyawa a kansa, fin mai baki biyu da ke hana bututun zamewa, sifirin, wani faffaɗan ƙarfe lanƙwasasshe mai siffar lauje da ke tsakanin sifirin da firam, sai robar da jak yake bugu idan ya koma sama.

Sifirin ɗaya ne yake aiki biyu. Shi ke riƙe jak a sama lokacin tafiya, shi ke kuma danne shi a ƙasa idan an kafe babur. Idan jak yana sama, layin da sifirin ke ja yana gefe ɗaya na bututun. Idan jak ya sauka, layin ya tsallaka ɗaya gefen. A tsakiyar hanya layin yana ratsa tsakiyar bututun daidai, kuma a nan ne sifirin ya fi miƙewa. To ƙarfe ba ya ratsa ƙarfe. Wannan ne aikin laujen: ya zagaye bututun, ya bar masa fili a cikinsa, layin jan ya wuce ba tare da sifirin ya taɓa komai ba.

Farkon Yuli: alamun farko

Damina ta kankama, babur ɗin yana kwana a soro amma kullum yana ratsa ruwa da taɓo. Jak ya fara yin nauyi. Da can ana tura babur gaba sai ya koma sama da kansa, a ji ƙarar buguwarsa. Yanzu sai ya tsaya a rabi, sai an taimaka masa da dunduniya. Birkin ƙafa ma ya fara jinkirin dawowa bayan an taka shi, amma ba wanda ya haɗa abubuwan biyu.

Bayan kamar kwana goma sifirin ya karye a kan hanya, daidai wuyan ƙugiyarsa ta ƙasa. Mai babur ya tsinci dogon ɓangaren yana lilo, ya sa a aljihu. Laujen kuwa ya faɗi a titi, kuma shi bai ma san akwai shi ba. Ya ɗaure jak da robar tiyub ya ci gaba da harkokinsa.

Roba ta yi mako biyu. Zafin salansa da man da ke ɗiga daga inji suka cinye ta, ta saki a shataletale, ƙafar jak ta kartar kwalta yana cikin kwana ta hagu, tayar baya ta ɗan yi tsalle. Bai faɗi ba domin a hankali yake tafiya. Daga ranar ya ajiye babur ɗin.

Ƙarshen Yuli: filaya da sukundireba

Ɗansa ya je kasuwa ya ce a ba shi sifirin ɗin jak na CG. Aka ba shi na kwaikwayon China. Bai tafi da karyayyen ba balle a gwada su.

A gida suka kafe babur a kan jak ɗinsa, tunda ta haka ne kawai yake tsayuwa, suka maƙala ƙugiya ɗaya a firam kai tsaye, suka kama ɗayar da filaya suna ja. Ko kusa bai kai ba. Suka koma dabarar sukundireba: a zura bakinsa cikin ƙugiyar, a dafa kan ƙarfen da ake so ta shiga, a ɗaga hannu ƙugiyar ta gangaro. Sau uku tana kuɓucewa. A na ukun sifirin ya yi tsalle ya bugi bango, bayan hannun yaron kuma ya daki ƙarfen birki, fata ta ɗaye.

Haƙoran filaya sun bar ƙananan tsagu uku a wuyan ƙugiyar. Sifirin irin wannan a wuyan ƙugiya yake karyewa, domin nan ne wayar ke lanƙwashe kuma nan ne nauyi ke taruwa, kuma tsaga komai ƙanƙantarta ita ce mafarin karaya.

Farkon Agusta: wuta

Suka tura babur zuwa wurin wani mai gyara a bakin titi. Ya duba, ya ce sifirin ɗin gajere ne, ya kai shi wurin mai walda aka gasa tsakiyarsa har ya yi ja, aka ja shi ya ƙara tsawo, aka tsoma a ruwa. Ya shiga da hannu ɗaya. Aka biya, aka tafi.

Kwana huɗu jak ya fara reto a ƙarƙashin babur, yana ƙwanƙwasa salansa a kowane rami. Ƙarfen sifirin ana gasa shi ne a masana'anta zuwa wani ma'auni na zafi, a sanyaya shi, a sake ɗumama shi kaɗan, shi ya sa yake miƙewa ya koma yadda yake. Harshen wutar walda yana rushe wannan. Inda ya yi ja ya huce a hankali sai ya zama waya mai laushi da ba ta komawa. Inda aka tsoma shi a ruwa yana ja sai ya yi tauri irin na gilashi. Akwai kuma abu na biyu da ya tafi. Sifirin na ja ana naɗa shi ne zobbansa suna matse da juna, don haka tun kafin ya buɗe ko kaɗan akwai ƙarfin da yake riƙe da shi. Wannan matsin na farko yana cikin abin da ke danne jak jikin robarsa a sama. Da zarar an ga haske tsakanin zobban sifirin alhali yana ajiye a ƙasa, ya riga ya mutu.

Tsakiyar Agusta: dogon sifirin ba lauje

Mai gyaran ya karɓi ƙorafin, ya tono wani dogon sifirin na wani babur dabam, wanda tsawonsa ya kai daga firam har jak. Shi ma ya shiga ba wahala sosai. A sama yana riƙe jak. Amma ana fara sauke jak sai jikin sifirin ya kwanta a kan bututun ya lanƙwashe kamar baka, layin jan ya kasa tsallakawa. Sakamakon haka ko da jak yana ƙasa, sifirin sama yake jansa. Ana son kafe babur sai a riƙe jak da ƙafa da ƙarfi, ana sakewa ya tsere. Wata rana a ƙofar masallaci babur ya sauko daga jak ya kwanta, madubin dama ya fashe. Cikin mako guda zobban da ke gogar bututun suka yi sheƙi, alamar suna cinyewa.

Ƙarshen Agusta: an kwance komai

Wani tsohon makanike da ya yi aikin Honda tun lokacin da ake shigo da su sababbi ya karɓi babur ɗin. Bai taɓa sifirin ba tukuna. Ya cire shi ya ajiye, ya motsa jak da hannu, ya ga sai da hannu biyu yake tafiya, kuma duk lokacin da ya motsa birkin ƙafa yana bin sa. Ya tambayi mai babur, Alhaji ina laujen, shi kuwa ya ce bai taɓa ganin wani lauje ba.

Tunda za a cire jak, dole babur ya tsaya da wani abu. Aka ɗaure hannun birkin gaba da roba, aka rufe makunnin mai, aka rataye bayan firam da igiya a reshen darbejiyar da ke gaban shagon, aka sa guntun katako a ƙarƙashin inji. Aka bar salansa ya huce aka cire shi don hannu ya sami wurin shiga. Aka kwance notin sandar birki ta baya da ƙaramin sifirin ɗin da ke kunna fitilar birki.

Fin ɗin ya ruɓe, guntu-guntu ya fito. Bututun kuma ya ƙi motsi. Aka jiƙa shi da kananzir haɗe da man inji, safe da yamma, kwana biyu. A rana ta uku aka buge shi ta hanyar dafa wani ƙarfe mai faɗin bakinsa, ba da guduma kai tsaye ba. Bututun rami ne a cikinsa. Idan guduma ta daki bakinsa zai buɗe kamar fure, daga nan sai dai a yanka.

Abin da aka tarar: tsatsa da busasshen giris da yashi sun zama kamar siminti a ramukan jak da na birki. Bututun ya cinye a wurare biyu, farce yana kama gurbin. Ƙarfen jikin jak da ƙugiya ke shiga ya yi rami kusan rabin kaurinsa. Robar tsayarwa babu ita gaba ɗaya.

Aka goge ramukan da samfefa har suka yi haske. Mai walda ya cike ramin ƙarfen ƙugiya, aka goge shi da magagari ya koma zagaye, aka bar masa ɗan wuya don kada ƙugiya ta zame. Bututu da lauje an same su a wurin masu sayar da tsofaffin babura kashi-kashi, daga wani CG na zamani ɗaya da shi. Sifirin kuwa sabo aka saya, amma a wannan karon an tafi da karyayyen na asali aka jera su: kaurin waya, faɗin zobe, yawan zobba, da inda bakin kowace ƙugiya ke kallo. Sai a shago na uku aka sami wanda ya dace. Wanda ɗan Alhaji ya saya a watan Yuli, kafin a gasa shi, ya gaza na asali da kusan milimita 10.

Aka shafa giris, aka mayar da jak da birki a kan bututun, aka sa sabon fin aka buɗe bakinsa biyu, aka sa sabuwar roba. Gwajin da makaniken ya yi kafin ya ci gaba shi ne: ya ɗaga jak ya sake shi, ya faɗo da nauyin kansa har ƙasa, birki bai motsa ba.

Farkon Satumba: awo, sannan washa

Ya maƙala lauje a firam, buɗaɗɗen gefensa yana fuskantar bututun, ya rataya sifirin a jikinsa, ya miƙe shi da hannu ba tare da ja ba, ya auna giɓin da ya rage tsakanin ƙugiya da mazauninta a wurare uku. Jak a ƙasa, milimita 27. Jak a tsakiyar hanya, milimita 36. Jak a sama, jikin roba, milimita 15. Aka ɗaure jak a sama da waya.

Da farko ya sake zare bututun ya gwada dabarar da ke aiki a babura da yawa: a maƙala sifirin duka ɓangarorin biyu tun jak yana kwance ba a sa bututu ba, a yi amfani da jak ɗin a matsayin abin banƙara, a daidaita ramukan da ƙarfe mai tsini, a tura bututu. A nan ba ta yi daɗi ba, domin ramuka ba na jak da firam kaɗai ba ne, har da na birki, kuma sifirin yana karkatar da jak gefe guda. Bayan gwaji biyu ya bari, don kada bakin bututun ya lalace, ya mayar da bututun da fin, ya sake ɗaure jak a sama.

Sai dabarar washa, wato faffaɗan zobban ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin noti: a cusa su tsakanin zobban sifirin ya ƙara tsawo kafin a maƙala shi. Ya ɗebo washa na bolt mai milimita 8, waɗanda kaurin kowanne milimita 1.6 ne. Ya zura ƙugiya ɗaya a wani ƙarfe da ke kafe a teburin aiki, ya zura sukundireba a ɗaya ƙugiyar, ya lanƙwasa sifirin gefe. Zobban bayan lanƙwasar suka buɗe baki, ya tura washa a ciki. Ya lanƙwasa ɗaya gefen, ya tura wani a giɓi na gaba. Haka ya yi ta yi, dama da hagu, daga tsakiya zuwa gefuna, ya bar zobba biyu na kusa da kowace ƙugiya ba komai.

Yaron shago ya yi lissafi ya ce washa goma sun isa su rufe giɓin milimita 15 ɗin, tunda goma sau 1.6 milimita 16 ke nan. Aka auna, sai ga milimita 9. Washa ba ya ratsa zoben gaba ɗaya, domin wayar tana naɗe ne tana hawa, tana tare shi a ciki. Yana buɗe gefen da aka sa shi, ɗaya gefen yana nan kusan a rufe, don haka tsawon da ake samu a tsakiyar sifirin bai cika wuce rabin kaurin washan da ɗan kai ba. Wannan ne ma dalilin sa su dama da hagu: idan duk a gefe ɗaya suke, sifirin ya zama kamar ayaba, tsawo kuma bai ƙaru ba. A washa na 18 aka sami milimita 16.

Da tabarau a idonsa, makaniken ya maƙala ƙugiyar sama a ramin lauje, ya kawo ta ƙasa kan mazauninta, ya tura ta da babban yatsa ta faɗa. Ba filaya, ba ja. Ya kwance wayar, ya sauke jak a hankali zuwa tsakiyar hanya, yaro ya riƙe shi a nan. Sifirin ya miƙe, washa kusan goma suka zube da kansu. Sauran ba su faɗo ba, domin miƙewar ta rabu a kan zobba sama da ashirin, kowane giɓi bai kai kaurin washa ba. Amma sun yi sako-sako, aka zare su ɗaya-ɗaya da filaya mai tsinin baki, ana kama washan ba wayar ba. Aka ƙirga su a ƙasa, 18 cif, domin wanda ya maƙale a ciki zai faɗo ne a hanya kusa da sarƙa. Daga fara sa washa zuwa ƙirga su bai wuce minti ashirin ba.

Aka mayar da salansa da sandar birki. Aka daidaita birkin ƙafa ya zama yana da wasan milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama, wanda shi ne awon da Honda ke bayarwa, aka duba fitilar birki tana kamawa. Aka sauke babur daga igiya, aka ɗora shi a jak aka sauke sau goma sha biyu, ana leƙa lauje a kowane zagaye: yana wuce bututun da ɗan fili, bai taɓa shi ba, sifirin bai gogi salansa ko taya ba.

Bayan mako ɗaya, da bayan wata ɗaya

Mako ɗaya: jak yana komawa sama da kansa, ana jin buguwarsa a roba, ba ƙara a rami. An ja shi ƙasa da yatsa alhali yana sama, sai da aka yi ƙarfi kafin ya rabu da robar. Wata ɗaya: zobban suna haɗe idan jak yana sama in ban da ɗan buɗewar da ta dace da milimita 15 ɗin, ba sheƙin guga a sifirin ko a lauje, birki yana dawowa nan take.

Abin da lamarin ya nuna

Sifirin na asali ba tsufa kaɗai ya karya shi ba. Bututu ya ƙage, jak ya daina kaiwa ƙarshen tafiyarsa, sifirin ya riƙa zama a miƙe yana girgiza a kan ƙarfen da ya riga ya yi rami mai kaifi. Da an sa sabon sifirin na ƙwarai a watan Yuli ba a taɓa bututun ba, da shi ma bai daɗe ba. Jinkirin birkin ƙafa shi ne shaidar da ta fito fili tun farko, kuma ita ce mafi haɗari a cikin lamarin duka.

Gwajin filaya ya faɗi ne tun kafin a fara: sifirin gajere da milimita 10, ba lauje, kuma jak yana ƙasa, inda giɓin ya kusa ninka na sama. Ko da kayan daidai ne, yin aikin babur yana kan jak ɗinsa ya ƙara milimita 12 na ja a banza. A yawancin babura wurin da ya fi gajarta shi ne jak a sama, amma zare da ma'auni za su tabbatar cikin minti biyu, kuma ya fi a ɗauka haka nan.

Gasa sifirin shi ne mafi muni a cikin abubuwan da aka yi, domin yana ba da abin da ke kama da nasara. Dogon sifirin kuwa ya fi shi ma'ana, mai gyaran ya ga giɓi ya nemi cike shi, sai dai bai tambayi kansa me ke zaune a giɓin da can ba. Ramin da ke jikin firam da gurbin gogar da lauje ya bari suna nan, duk wanda ya leƙa zai gan su.

Washa ba su fi ƙugiyar jan sifirin mai mariƙi ba ga wanda yake da ita kuma yake da wurin ja a miƙe. Igiya mai ƙarfi da aka zura a ƙugiya aka naɗe a sanda ita ma tana yi. Fifikonsu a nan shi ne an miƙa sifirin a kan tebur, inda ake ganin abin da ake yi, ba a ƙarƙashin inji kusa da fuska ba, kuma ba abin da ya ciji wayar. Iyakarsu ita ce giɓi babba: idan ana neman fiye da abin da washa ɗaya a kowane zobe zai bayar, to sifirin ɗin ne ba na wurin ba.

Abu ɗaya ya rage ba a gyara ba. Tafin ƙafafun jak sun cinye, tayar baya tana tashi daga ƙasa da ƙyar, kamar kaurin yatsa. Makaniken ya ce a dawo da babur ɗin kafin damina mai zuwa a ƙara musu ƙarfe da walda, a zare bututun a sake masa giris a zama ɗaya, kuma a cire sifirin da lauje a ajiye gefe kafin mai walda ya kunna wutarsa.